Kullen da Ke Cikin Jikinka

Idan kana Kaduna a ƙarshen Maris na 2020, ba sai an tuna maka ba. Gwamnati ta sa dokar kulle, 'yan kwanaki tsakani shi kansa Gwamna El-Rufa'i ya fito ya ce ya kamu da korona. Kasuwar Sheikh Gumi a garƙame, tashar Kawo tsit. Mun yi ta ƙorafi a Facebook, kuma da hujjarmu, don wanda sai ya fita yake samun na tuwo ya ji a jikinsa. Amma dabarar a fili take: a tsayar da komai, cuta ta rasa hanyar bi.

To ka san jikinka ma yana irin wannan kulle, ba tare da ya yi shawara da kai ba?

Jikin nan naka tarin ƙwayoyin halitta ne. Kowace ɗaya kamar ƙaramar masana'anta ce, dare da rana tana ƙera furotin bisa umarnin wasu saƙonni da ake kira RNA. Shi kuwa bairos ba shi da masana'antar kansa. Kutsowa yake yi ya cusa nasa saƙon, injinanka su buga masa 'ya'ya a kyauta. Sai dai akwai maigadi, wani furotin mai suna PKR. Da ya hango RNA mai igiya biyu, irin wanda baƙo ke bari, sai ya busa usur, injina su tsaya cak. Saƙonnin da ake tsakiyar aiki da su sai a tattara su wuri guda su cure kamar curin fura, wani furotin, G3BP1, yana riƙe da su. Mu kira shi curin ƙunci. Tsananin zafi ko guba ma kan sa ya bayyana, in lamari ya lafa ya narke a koma bakin aiki.

Abin gwanin sha'awa, ko? Tsaya ka ji. A 2007, masu bincike a kwalejin likitanci ta Baylor da ke Amurka suka nuna cewa bairos ɗin shan inna yana tafe da almakashinsa. Curin kan fara haɗuwa, sai ya sa almakashin nan ya datse G3BP1, kulle ya watse, ya ci gaba da sha'aninsa. Korona da ƙyanda ma kowanne da nasa salon hana curin haɗuwa.

Nan ne nake so mu yi magana ta gaskiya. Kullum sai bidiyo ya faɗo maka a TikTok, wani riƙe da kwalba yana rantsuwa wai tana “ƙara garkuwar jiki”, in ka sha babu cutar da za ta tunkare ka. Ɗan'uwa, wace kwalba ce za ta ƙwace almakashi daga hannun shan inna? Abinci mai kyau da barci suna da amfani, ban musa ba. Amma lafiyayyen yaro mai ƙiba ma wannan cuta tana iya shanye masa ƙafa. Aikin riga-kafi daban ne: yana nuna wa jiki fuskar ɓarawon tun da wuri, a cafke shi a bakin ƙofa kafin ya kai ga injina.

Aikin jarida nake karantawa, don haka abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tafiyar labari. A 2003 babu WhatsApp, babu TikTok, amma jita-jitar cewa riga-kafin shan inna na hana haihuwa ta sa Kano da Zamfara da Kadunarmu suka dakatar da shi. Kano ba ta dawo ba sai Yulin 2004. Cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, har Indonesiya. Jita-jitar baki da baki kenan fa. Yau kuwa kai da ke, da datar naira ɗari, za ku isar da ita guruf goma kafin a kira la'asar.

Za ka ce ai tun 25 ga Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Afirka ta rabu da shan inna na asali, me ya sa har yanzu ake bin gidaje a Badarawa da Unguwan Dosa? Tambaya ce mai kyau. Bairos ɗin da ke cikin ɗigon baki an raunana shi ne. Inda aka bar yara da yawa ba a yi musu ba, yakan yi ta yawo tsakaninsu har ya sake yin ƙarfi. Wato gidan da ya rufe ƙofa, ba 'ya'yansa kaɗai ya jefa a haɗari ba, har da na maƙwabta.

In matan nan masu akwatin sanyi suka yi sallama a gidanku, wataƙila Baba ba ya nan, Umma kuma kai za ta tambaya, tunda kai ne mai waya. Ka san abin da za ka ce mata. In sun tafi, ka duba ɗan yatsan autarku ka ga ko an shafa mata tawada.