Kunnen Likita a Kan Ƙirji Bai Tsufa Ba

Da zarar hunturu ya kankama a Garwa, hazo ya lulluɓe kogin Binuwai, tari kan cika gidajen Roumdé Adjia, musamman na yara. Iyaye da yawa gani suke in ba a ɗauki hoton ƙirji ba, to ba a duba ɗansu ba. Ni kuwa ina ganin mintuna biyar na sauraren ƙirji a natse sun cancanci a nema, a kuma dage a kansu, domin ba kasafai ƙirji ke ɓoye abin da ke cikinsa ba. Lafiyayyen huhu cike yake da iska kamar soso, yana shanye sauti, shi ya sa numfashi ke isowa kunne a hankali. Idan limoniya ta cika wani sashe da ruwa da mugunya, wurin ya daskare, sai sauti ya ratsa shi da ƙarfi. Wannan ne dalilin da likitan da ya yi karatu da Faransanci ke ɗora tafin hannu a bayan mara lafiya, ya ce masa ya maimaita talatin da uku da Faransanci: inda rawar murya ta ƙaru, nan ciwon yake. In kuwa ruwa ya taru tsakanin huhu da haƙarƙari, muryar ta dushe, aka ƙwanƙwasa da yatsa sai a ji kamar an bugi randa cike. Auenbrugger na Biyana ya bayyana ƙwanƙwasar a 1761, Laennec kuma ya ƙirƙiro abin sauraren ƙirji a Faris a 1816.

Za a ce kunne na kuskure. Gaskiya ne. Tarin fuka kan ɓuya a huhun da aka saurara ba a ji komai ba, don haka mai tarin da ya wuce mako biyu sai an gwada majinarsa. Amma kunne ne ke fara tantance wanda za a tura hoto, ga shi ba ya jiran wutar lantarki, ba ya cin kuɗin magidanci. Yawancin kuskuren ma daga gaggawa yake: a ɗora na'ura a kan riga, ƙarar yadi ta gauraya da ta huhu, babura na wucewa a bakin taga. Masu jin nauyin ɗaga riga, mata musamman, suna da hujja, kuma abin da za a tanadar musu labule ne da ma'aikaciya mace.