Waƙoƙin Kwayarmu A Intanet: Wa Ke Cin Moriya?

Duk wanda ya saba ratsa kasuwar Sabon Gari, ko ya bi layin shagunan da ke fuskantar Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ya san masu turi. Mutum ya miƙa wayarsa, ya biya 'yan kuɗi kaɗan, a cika masa ita da waƙoƙi, ciki har da na kwaya da na Zumuntar Mata. A zamanin kaset ma haka aka yi, a sayi guda ɗaya a kwafi ɗari. Abin da ya sake yanzu shi ne kasuwar ta koma intanet. Wani zai ɗauki waƙar da mata suka yi wata uku suna koyo bayan sun taso daga gona da kasuwa, ya ɗora ta a shafinsa na YouTube da sunansa, tallace-tallace su riƙa fitowa a kai, kuɗi su riƙa shiga asusunsa. Su kuwa matan ko kuɗin motar zuwa situdiyo ba su mayar ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mun san amsar da ake bayarwa. Ai waƙar yabo bishara ce, bai kamata a yi mata shinge ba. To, ba mu ce a daina rera ta a sujada ba, ba mu kuma ce laifi ne mai waƙa ya bayar da ita kyauta ba. Amma fa kyauta mai abu ne ke yin ta. Wanda ya ɗauka bai tambaya ba, ya kuma sayar, ba bishara yake yaɗawa ba, ciniki yake yi da gumin wani.

Doka ma ta san da haka. Tun 1988 gwamnatin soja ta kafa doka mai lamba 47 a kan haƙƙin mallaka, amma an rubuta ta ne da littafi da faifai da kaset a zuciya. Sabuwar dokar 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ita ce ta bi aikin har cikin intanet. Yanzu mai haƙƙi yana iya rubuta wa kamfanin da ke ɗauke da shafin takardar ƙorafi a sauke aikinsa, wanda kuma ya maimaita laifin ana iya rufe masa asusu. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya tana da ikon toshe shafin da ke satar fasaha. Ko a ƙa'idar YouTube kanta, gargaɗi uku na irin wannan laifi sun isa a rufe shafi. Ba sai mutum ya yi rajista ne haƙƙinsa ke tabbata ba, da zarar an rubuta waƙar ko an naɗe ta, ta zama tasa.

Sai dai a nan ne, 'yan'uwa, matsalarmu take, kuma ta cikin gida ce. Idan aka ce mai haƙƙi ya rubuta ƙorafi, wane ne mai haƙƙin? A idon doka faifai ɗaya yana ɗauke da haƙƙi fiye da ɗaya. Kalmomi da karin waƙa na wanda ya tsara su ne, kuma suna nan nasa muddin ransa, sa'an nan magadansa su riƙe shekara 70 bayan mutuwarsa. Sautin da aka naɗa kuwa na wanda ya ɗauki nauyin shirya naɗin ne, tsawon shekara 50. Su ma waɗanda suka rera suna da nasu haƙƙin. To, a kwayarmu wa ya shirya naɗin? Ikkilisiya ce da ta yi baiko na musamman, ko dattijon da ya cika kuɗin daga aljihunsa, ko mai situdiyo da ya ce a biya rabi, shi zai sayar ya cire sauran? Yawanci ba wanda ya rubuta kome, domin muna jin kunyar ambaton takarda tsakanin 'yan'uwa, kamar rashin yarda ne. Alhali kuwa doka ta ce miƙa wa wani haƙƙin mallaka ba ya tabbata sai a rubuce.

Wannan kunya tana da tsada. Akwai na'urar da ke sauraron duk abin da aka ɗora a YouTube tana gwada shi da abin da aka riga aka yi wa rajista. Wanda ya riga kai sautin wurin kamfanin rarraba waƙoƙi, shi na'urar za ta ɗauka mai shi. Saboda haka kwaya tana iya ɗora waƙarta da kanta, a wayi gari an ce ta wani ce, kuɗin talla su tafi gare shi. Ranar da aka ce a kawo shaida, wanda ke riƙe da takarda shi ne a gaba.

Ba waƙa kaɗai ba. Cikinmu akwai masu sayar da atamfa da takalma da kek a WhatsApp da Instagram, suna ɗauko hoton kayan wani su manna kamar nasu. Akwai masu ɗaukar hoton littafi shafi-shafi su sayar wa ɗalibai. A Zariya, garin Kamfanin Gaskiya, inda aikin ɗab'in Hausa ya yi saiwa, wannan abin kunya ne. Abubakar Imam ya rasu a 1981, wato Magana Jari Ce ba zai zama na kowa da kowa ba sai shekarar 2051 ta wuce. Littafin waƙoƙin da muke riƙewa ranar Lahadi da fassarar Littafi Mai Tsarki ta zamani su ma akwai masu haƙƙin buga su, da kuɗin sayarwar ne kuma ake sake buga wasu.

Abin da muke roƙon fastoci da dattawan ikkilisiya ba shi da wuya. Kafin kwaya ta shiga situdiyo, a zauna a rubuta takarda guda: sunan wanda ya tsara kowace waƙa, wanda ya biya kuɗin naɗi, wanda ke da sautin bayan an gama, da yadda za a raba abin da ya shigo. Mai situdiyo ya sa hannu cewa aikinsa ya ƙare da biyansa, ya kuma miƙa ainihin sautin. Shafin intanet a buɗe shi da sunan ikkilisiya, lambar sirrinsa ta kasance a hannun mutum biyu ko uku, kada ta zauna a wayar saurayi ɗaya wanda gobe zai tafi bautar ƙasa da ita. Magatakarda ya ajiye kwafi ɗaya a fayil ɗin ikkilisiya, kusa da takardun fili.