Shekisfiya Ba Bulala Ba Ne

A makarantar da na yi sakandare a Illela, tara ake cin duk ɗalibin da aka kama yana magana da Hausa. Malamin da ke karɓar tarar shi ne kuma ke sa mu haddar Shekisfiya, yana goranta mana cewa harshen da ya haifi irin wannan gwani ba sa'an harshen 'yan kasuwar kara ba ne. Ina da ja a kan wannan magana, kuma rayuwar Shekisfiya ce hujjata.

An haifi Wiliyam Shekisfiya a 1564 a wani ƙaramin gari na Ingila, bai kuma taɓa shiga jami'a ba. A zamaninsa Latinanci ne harshen malamai, Turanci kuwa na gida da kasuwa. Amma da Turancin ya rubuta wasanninsa, har talaka mai kwabo ɗaya ya riƙa shiga dandali a Landan yana kallo a tsaye. Ashe abin da ake cin tararmu a kansa, shi ne abin da ya ɗaukaka shi.

Bayan rasuwarsa a 1616, abokan aikinsa biyu suka tattara wasanninsa 36 suka buga a 1623. Kusan rabinsu ba a taɓa buga su ba kafin nan, ciki har da Makbes. Da sun yi sakaci, da sun bi iska. Mu fa, waƙoƙin Narambaɗa da Ɗan Anace nawa muka bari a tsofaffin kasa-kasai suna lalacewa?

Za a ce Turanci ne tsanin samun aiki. Gaskiya ne, a koye shi har a ƙware. Sai dai Nana Asma'u ta yi waƙa da Larabci da Fulatanci da Hausa, babu wanda ya hana wani numfashi. Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya mayar da wasan Shekisfiya zuwa Hausa da sunan Daren Sha Biyu, harshen ya ɗauki kayan bai durƙusa ba.

Saboda haka a daina dukan Hausa da sunan mutumin da ya riƙi harshen uwarsa. Mai son girmama shi ya fassara shi, a yi wasansa a Illela da Birnin Ƙonni, sannan ya tattara namu tun masu haddarsu na da rai.