Masu cewa "an riga an raba", ku bar mu mu cike fom

Ƴan uwa ɗalibai, musamman waɗanda suka gama bautar ƙasa suke zaune, yau da masu kashe mana gwiwa nake. Ba gwamnati ba, ita tata ranar daban. Da namu nake, na cikin zaurukanmu na WhatsApp, waɗanda da zarar an turo sanarwar ɗaukar aiki, kafin ka gama karantawa har sun rubuta: "Kar ku ɓata datarku, an riga an raba." Bawan Allahn nan bai san ko masinja a ma'aikatar ba, bai ga jerin sunaye ba, amma daga kan katifarsa ya yanke wa mutum ɗari biyu hukunci.

Ban ce ba su da abin kafa hujja ba. Ranar 15 ga Maris 2014 matasa suka yi cincirindo a babban filin wasa na Abuja da wasu garuruwa don jarrabawar shiga aikin shige da fice. Kowa ya biya naira 1,000, masu nema sun haura rabin miliyan, gurabe ba su kai 5,000 ba, mutum fiye da goma suka rasu a turmutsutsu. A 2023 kuma, a gaban kwamitin Majalisar Wakilai da Yusuf Gagdi ya jagoranta, wani tsohon jami'in Hukumar Raba Daidai ya amsa da bakinsa cewa ya karɓi kuɗi a hannun masu neman aiki. Har alƙaluma ma wasa suke mana da hankali: rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 a ƙarshen 2020, sai ga shi ya koma 4.1 a farkon 2023, don an sauya ma'auni, wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako ma mai aiki ne. To, duk mun sani.

Amma ku tsaya, wa ke cin ribar wannan magana taku? Mai sayar da ofa ba ya samun ciniki a wurin wanda yake ganin zai iya cin jarrabawa. Kasuwarsa tana ci ne ranar da ka yarda cewa ba wata ƙofa sai tasa. A nan ne uwa take sayar da ɗan filinta, yaya ya ciwo bashi, a kawo maka takarda mai hatimi, ka je kama aiki a ce ba a san da zamanka ba. Kai mai yaɗa "sai da hanya", talla kake yi masa kyauta, ko la'ada ba ya ba ka.

Ni a Apo nake zaune wurin yayana, daga nan nake zuwa aji. Kusan kullum sai na ga samari da ambulan ruwan ƙasa a bakin ƙofar rukunin gidajen ƴan majalisa, wasu tun daga Nyanya da Mararaba, suna jiran wani Honarabul ya sauke gilashin mota. Gidajen nan fa tun zamanin Obasanjo aka sayar da su, wasu masu gidan sun daɗe da barin majalisa. Yaro ya ƙona kuɗin mota na mako guda a tsadar nan ta bayan cire tallafin mai, ya wuni a rana, amma fom ɗin da zai cike a wayarsa cikin rabin awa an ce masa ɓata lokaci ne. Wannan ita ce wayewar da kuke koya mana?

Sashe na 14(3) na tsarin mulkin 1999 ya hana wasu ƴan jihohi ko ƙabilu mamaye muƙaman tarayya. Ana karya shi, eh. Amma ranar da za a yi ƙorafi a kan kason Yobe ko Zamfara, wanda ya nema aka tsallake shi ne mai bakin magana. Wanda bai nema ba, me zai nuna?

Su kuma masu tara mu a ɗakin taro su karɓi kuɗin shiga su ce matsalar a tunaninmu take, ba na ma ɓata yawuna a kansu. Mai jin yunwa ba tafi yake buƙata ba.

Shekarata uku da gama bautar ƙasa, kuma wallahi akwai safiyar da buɗe imel ma nauyi yake min, ga shekaru suna tafiya, bankuna suna ƙayyade shekarun wanda za su ɗauka. Abin da ya riƙe ni ba wata zazzafar magana ba ce. Mu huɗu ne a ajinmu na masta, duk Asabar muna zama, kowa ya kawo takardar da zai tura a yi mata fata-fata, mu yi tsofaffin tambayoyin jarrabawa da agogo a gaba, wani ya zama mai intabiyu ya titsiye ɗan uwansa da Turanci. Da yamma ina koyar da yara lissafi, don kada kuɗin sabulu ya sa in riƙa sunne kai a gaban matar yayana. Ɗaya daga cikinmu ya kai matakin intabiyu sau biyu ba tare da wasiƙar kowa ba. Bai samu ba tukuna, amma yanzu ya san yadda ɗakin yake, mu ma mun sani ta bakinsa.

Saboda haka, shugabannin zaure, ku taimaka. In an turo sanarwa, a fara duba ko daga shafin hukumar take, a faɗi ranar rufewa, wanda ya ga an nemi kuɗi ya yi gargaɗi. Kai kuma, in ka sake rubuta "an riga an raba", ni zan fara tambayarka: wa aka bai wa, yaushe, kuma wa ya gaya maka?