Bulala Ba Ta Korar Tsoro

Akwai wata magana da manya suke yawan faɗi, wai yaro ba shi da damuwa, in ya ci ya ƙoshi shi ke nan. Maganar nan ba gaskiya ba ce, tana kuwa cutar yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa wajen rabin cututtukan tunani sukan soma tun mutum bai wuce shekara 14 ba.

A watan Fabrairu na 2015 'yan Boko Haram suka kai hari Bosso da Diffa, dubban iyalai suka bar gidajensu. Daga baya kuma aka rufe ɗaruruwan makarantu a jihar Tillaberi saboda rashin tsaro. To, yaron da ya ga an ƙone garinsu, ya kwana a daji, sai a zaunar da shi a aji, a yi masa tambaya da Faransanci. In ya yi shiru, a ce daƙiƙi ne, a ɗauko bulala. Wannan zalunci ne. Gama mai jin tsoro zuciyarsa tana bugawa, hankalinsa yana bakin ƙofa, karatu ba ya zama a kansa. Duka kuwa ƙara tsoron yake yi.

Waɗansu za su ce malami ba likita ba ne. Gaskiya ne. Amma ba sai likita ne zai koya wa yaro ya ja numfashi a hankali sa'ad da gabansa ya faɗi ba, ko ya iya cewa tsoro yake ji, ko fushi, ko kewar gida, ko ya san babban da zai kai wa kukansa. Wanda abin ya yi masa nauyi, har barci da abinci suka gagare shi, shi ne za a kai asibiti.

Waɗansu kuma za su ce ba lokaci. Minti 15 na karatu da murya a aji ba ya rushe darasi. Yaron da ya kāsa faɗin tsoronsa yakan iya faɗin tsoron wani yaro na cikin labari, daga nan bakinsa ya buɗe. Sai dai labarin ya zama cikin harshen da yake ji. Tun 1973 aka soma gwada koyarwa da Hausa a Damagaram, a 2025 kuma aka mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar. Ina hujjar kulle littattafai cikin kabad don kada su yi datti kafin zuwan mai duba makarantu?

Iyaye da malamai su yi tunani. Littafin da ya yage a hannun yara ya yi aikinsa. A ajiye bulala, a buɗe kabad, a tambayi yaro abin da ya hana shi barci jiya.