Abin da dillalin rake ya riga mai digiri na biyu sani

A ƙarshen zangon karatun da ya wuce wani tsohon ɗalibina, ɗan wani ƙauye da ke kusa da Hunƙuyi a ƙaramar hukumar Kudan, ya same ni a ofis fuska a murtuke. Ni na duba kundinsa na digiri na biyu, kuma na san kaifin basirarsa. Wata ƙungiya mai tallafa wa manoma ta ɗauke shi aiki, amma da wata shida na gwaji suka cika sai aka sallame shi. Ya ce, "Malam, wallahi ba aikin ne ya gagare ni ba, mutanen ne."

Da na matsa masa da tambaya sai zancen ya fito. Shugabar sashensa mace ce 'yar Kudancin Kaduna, shi kuwa ba ya iya kai mata rahoto da hannunsa, sai ya bi ta wajen wani abokin aiki namiji. A wajen taro shi da mutum biyu sukan koma Hausa, alhali akwai ɗan Binuwai da ba ya ji. Ya taɓa sa ranar fita ƙauye da safiyar Lahadi bai tuntuɓi kowa ba. Su ma sun taɓa sa taro daidai lokacin sallar Juma'a, amma maimakon ya yi magana cikin ladabi a gyara, sai ya yi shiru ya ƙullace su. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ya kai laifin kora. Taruwa suka yi har zama da shi ya yi wa mutane nauyi.

Ban ɗora masa laifin shi kaɗai ba, domin da hannunmu a ciki. Mun koya masa ƙididdiga da dabarun bincike, amma ba mu taɓa sa shi a inda tilas ya yi aiki da wanda ba irinsa ba. Firamare da sakandare a gida ya yi su. A jami'a abokan ɗakinsa da na karatunsa duk 'yan yankinsu ne. Shirin yi wa ƙasa hidima, wanda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1973 bayan yaƙin basasa domin matasa su san juna, nan ma ya nemi canjin wuri ya dawo gida bayan mako uku na sansani. Ban ga laifin iyayen da ke tsoron hanya a wannan zamani ba, amma dai sakamakon ke nan: mutum ya doshi shekara talatin, yana riƙe da babbar takarda, bai taɓa cin abinci kwano ɗaya da wanda ba addininsu ko harshensu ɗaya ba.

Abin mamaki, wannan ƙwarewa da mai digiri ya rasa tana nan a kasuwannin garinsu. Je ka Maƙarfi lokacin rake ka tsaya kusa da dillali. Yana ciniki da fataken da suka zo daga nesa, yana juya harshe daga Hausa zuwa Turancin buroka ba tare da jin kunya ba. Ya san wanda ba a kira ranar Lahadi, ya san watan da bikin wasu ke ɗaga farashi, ya san wanda ake yi wa wasa da wanda ake bi a hankali. Haka masu tumatir na Ikara, waɗanda kwandunansu ke tafiya har kasuwar Mile 12 ta Legas bisa amana tsakanin mutanen da ba su haɗa ƙabila ba. Wani zai ce ai riba ce ke koya musu. Haka ne, kuma nan ne darasin yake. Tun a 1954 masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, Gordon Allport, ya nuna cewa cuɗanya kawai ba ta rage ƙyamar juna sai an cika sharuɗɗa: mutanen su tsaya a matsayi ɗaya, su kasance da manufa ɗaya, su dogara da juna wajen cim ma ta, kuma hukuma ta mara wa abin baya. Kasuwa ta cika yawancin waɗannan. Bitar yini ɗaya a zauren otel, wadda ake rufewa da shinkafa da takardar shaida, ba ta cika ko ɗaya ba.

Kada kuma a ɗauka wannan baƙon tunani ne da aka shigo mana da shi. Farfesa Ishaya Audu haifaffen Anchau ne, maƙwabciyar Ikara, Bahaushe Kirista. Shi ne likitan Sardauna, kuma shi ne ɗan Nijeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. Mutanen da suka kafa jami'ar a 1962 ba su ga wata matsala a nan ba. Har yau a ƙasar Ikara akwai Hausawa Musulmi da Hausawa Kirista da Fulani suna noma da kiwo a fili ɗaya. Ɗalibin da ya fito daga nan bai rasa inda zai koya ba, rufe ido ya yi.

Akwai wani ɓangare da muke mantawa ɗungurungum, wato masu buƙata ta musamman. Dokar hana nuna musu bambanci, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta kuma ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-gine. Ɗalibinmu na yau gobe shi ne shugaban asibiti ko sakataren ilimi. In bai taɓa tunanin yadda makaho zai karanta takardar taro, ko yadda mai keken guragu zai hau bene ba, dokar za ta tsaya a takarda.

Ni ba na goyon bayan a ƙirƙiro sabon kwas a cusa wa ɗalibai, domin haddacewa za su yi su zubar a jarrabawa. Abin da na fara gwadawa a ajina ƙarami ne. Na daina barin su zaɓi abokan aikin fita bincike da kansu, ni nake haɗa su, maza da mata, Musulmi da Kirista, ɗan Kudan da ɗan Kagoro, kuma maki ɗaya ake ba rukunin duka. Su za su zauna su tsara ranakun fita yadda ba za a taɓa ibadar kowa ba. Shugabancin rukuni yana zagayawa, kuma a ƙauye wanda bai ji Hausa sosai ba dole a yi masa tafinta. Makon farko ƙorafi ya yi yawa, har wani ya ce na haɗa shi da mutanen da ba ya fahimta. Na ce masa dalilin haɗin ke nan.

Shi kuwa tsohon ɗalibin nawa ya sake neman aiki a wata ƙungiya, ya roƙi in rubuta masa takardar shaida. Na rubuta, amma da sharaɗin ya fara kiran tsohuwar shugabarsa ya tambaye ta inda ya kuskure. Ya ɗauki mako biyu kafin ya iya buga wayar. Ya ce ta yi magana da shi kusan awa guda.