Ga mai tura saƙon Zelda a gurup: zo mu yi maganar nan a fili

'Yan'uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu. Rubutun zai ɗan yi tsawo, a yi haƙuri da ni.

Shekaranjiya da daddare, bayan an ɗauke wuta a hostal, wani ɗan'uwanmu ya leƙo ɗakinmu ya tarar ina buga gem a kwamfuta da ragowar caji. Ya tambayi sunansa, na ce Zelda. Bai ce komai ba ya fita. Da safe sai ga saƙo a gurup ɗinmu na WhatsApp, irin wanda aka tura aka sake turawa: wai Yahudawa sun fito da sabon gem, ana kashe Musulmi a ciki, an sa ambaton Allah a cikin Jahannama. A ƙasa ya ƙara da nasa, wai har a cikinmu akwai masu bugawa, Allah ya shirya. Bai kama suna ba, amma kafin la'asar mutum uku sun tare ni, ɗaya ma a ƙofar masallaci.

Ni ma ba zan kama sunansa ba. Amma tunda a bainar jama'a aka yi maganar, a bainar jama'a zan amsa.

Bari na fara da inda saƙon ya yi gaskiya, don kar a ce na ɓoye. A bugun farko na gem ɗin, kiɗan wani zango da ake kira Fire Temple yana ɗauke da muryoyin maza suna rera kalmomi irin na zikirin Musulmi. Sannan tambarin mutanen hamada na cikin labarin jinjirin wata ne da tauraro. Wannan ya faru, kuma kuskure ne, ba na kare shi. Ambaton Allah ya fi ƙarfin a ɗauko shi a yi wa kiɗan wasa kwalliya. To amma kamfanin da kansa ya cire muryoyin a wani bugu da ya fito daga baya, ya sauya tambarin lokacin da aka sake fitar da gem ɗin a GameCube, kuma wanda aka sabunta a 2011 ba shi da ko ɗaya daga ciki. Abin da aka gyara sama da shekara 20 da suka wuce shi ake turo mana yau a matsayin labari da ɗuminsa.

Sauran kuwa wallahi babu. Cikakken sunan gem ɗin The Legend of Zelda: Ocarina of Time. Nintendo ne suka fitar da shi a watan Nuwamba 1998, lokacin da yawancinmu ba a ma haife mu ba. Kamfanin na Japan ne, a birnin Kyoto yake, tun 1889 aka kafa shi, da katin wasa ya fara. To ina sabo, ina Yahudawa? Shi kuma Fire Temple ɗin ba Jahannama ba ce. Wuri ne a cikin dutse mai aman wuta, inda aka tsare wata ƙabila mai suna Goron za a ciyar da su ga wani macijin wuta, Volvagia, kai kuma aikinka ka buɗe kurkukun ka cece su.

Batun kashe Musulmi kuma, ga abokan gabar nan ku duba da kanku. Gohma ƙatuwar gizo-gizo ce mai ido ɗaya, sai ka harbi idon da danƙo ta faɗo. King Dodongo, wanda ko sunansa ma ya nuna dodo ne, ƙaton ƙadangare ne, ka jira ya wangame baki zai hura wuta ka jefa masa bam. Stalfos ƙwarangwal ne da takobi da garkuwa. ReDead wasu gawarwaki ne da suka cika kasuwar birni, in suka yi maka ihu sai ka sandare. Akwai Dark Link, inuwarka ce da kanka, duk saran da ka kai sai ta mayar maka da irinsa. Don Allah Malam, wanne ne Musulmin a cikinsu?

Na san amsar da za a ba ni: Gerudo. To mu tsaya a kansu, don a nan maganar take.

Gerudo mutanen hamada ne, fatarsu ta fi ta sauran duhu, takubbansu lanƙwasassu, kuma mutanen masarautar Hyrule ɓarayi suke kiransu. Dukkansu mata ne, namiji ɗaya ake haifa musu a shekara 100, shi ke zama sarki. Wannan karon namijin shi ne Ganondorf, babban mugun labarin. Duk wanda ya ce an ɗebo kamannin daga yadda ake zana Larabawa a tsofaffin finafinai, ban ƙaryata shi ba, ni ma abin ya tsaya min a rai. Amma ba Musulmi ba ne. A hamadarsu akwai wani makeken gunki na mace da aka sassaƙa a jikin dutse. Kuma ba ka kashe su. Masu gadin da kake faɗa da su, in ka yi galaba sai su yar da makulli su tsere. Bayan ka kuɓutar da kafintoci huɗu da suka tsare, su da kansu suke yaba maka, su ba ka katin shiga garinsu kamar ɗan gida.

Sannan ga Nabooru. Ita ce mataimakiyar Ganondorf, 'yar ƙabilarsa, amma tun kana yaro take gaya maka ba ta tare da shi, don zaluncinsa ya wuce gona da iri. Saboda haka tsofaffin matsafan nan biyu da suka raine shi, Koume mai wuta da Kotake mai ƙanƙara, suka sace ta, suka juya mata hankali, suka sa ta cikin sulken ƙarfe ta yaƙe ka. Sai ka farfasa sulken ne za ka ga ashe ita ce. A ƙarshe tana cikin masu hikima bakwai da suka haɗu suka ɗaure Ganondorf. Ba don 'yar hamada ba, da ba a ci sarkin hamada da yaƙi ba.

A gefe guda kuma ga Ingo, ɗan Hyrule na asali, farar fata, lebura a gidan gonar Lon Lon. Shi ne da Ganondorf ya hau mulki ya yi masa biyayya, ya ƙwace gonar ya kori maigidansa Talon, har ya ware doki Epona zai kai wa sabon sarki gaisuwa. Wato gem ɗin da ake cewa ya ɓata mutanen hamada ya nuna maka ta gari a cikinsu, ya nuna maka maci amana a cikin 'yan birni.

Yanzu ku gaya min, wa ya fi mu sanin wannan ciwon? Mu da ake kira aboki a tasha da kasuwa. Mu da in wani abu ya faru a Borno ko Zamfara, a aji sai a riƙa waiwayowa ana kallonmu kamar mu muka aika. Sau nawa muka ga saƙo yana yawo a gurup ɗin aji a kan 'yan Arewa, babu tushe babu makama, ranmu ya ɓaci, muka ce me ya sa ba sa bincike kafin su tura? Kullum kukanmu shi ne kar a auna mu da mugu ɗaya, a tambaye mu, a san mu. Sai ga shi mun juyo mun yi wa junanmu abin da muke kuka da shi. Ɗakina da naka bai fi taku goma ba. Da ka dawo ka ce Malam, ga abin da na gani, mene ne gaskiyarsa, da a minti biyar an gama.

Na yarda da kyakkyawar niyya ka tura. Amma labarin nan kansa a kan kyakkyawar niyya ya ginu. Gimbiya Zelda tana yarinya ta yi mafarki, ta gane Ganondorf mugu ne, kuma ta yi gaskiya. Sai ta tura yaro Link ya tattaro duwatsu uku masu daraja, don su riga mugun kai wa ga Triforce, abin da ke cika wa mai shi burinsa. Link ya tattaro, ya buɗe ƙofar da aka rufe, ya zare takobin. Ashe Ganondorf yana biye da shi, jira yake a buɗe masa. Link ya yi barcin shekara 7, ya farka ya tarar birni ya zama kango. A ƙarshen gem ɗin Zelda da bakinta take neman afuwa, ta ce ƙuruciya ce ta sa ba ta hango abin da zai biyo baya ba. Ta san mugu, ba ta san abin da hannunta zai jawo ba.

Shi Triforce ɗin ma gida uku ya rabu: ƙarfi ya tafi ga Ganondorf, hikima ga Zelda, jarumta ga Link. Kuma duk iyawar da ake ba ka a gem ɗin, kusan babu wadda ke aiki da ƙarfi zalla. Matsafan nan biyu, da garkuwar madubi ake cinsu, ka tare wutar ɗaya ka haska wa ɗayar. A ƙarƙashin rijiyar Kakariko kuma akwai wani gilashi da ke nuna abin da ke ɓoye: bangon da kake gani ashe hanya ce, daɓen da kake shirin takawa ashe rami ne. Wanda ya ce shi jarumi ne ba ya buƙatarsa, ramin zai faɗa. Mu kuwa ba ma buƙatar gem ya koya mana wannan, mun karanta Hujurati tun a islamiyya, mun san abin da aka ce mu yi in labari ya zo mana.

Kar wani ya fahimce ni a karkace. Ban ce kowa ya je ya buga ba, kuma ni ba malami ba ne, ban ba da fatawa ba. Wanda ya ce akwai kiɗa a ciki, akwai labarin alloli na ƙage da tsafi, don haka zuciyarsa ba ta kwanta ba, wallahi ina girmama shi, hujja ya kawo, kuma gaskiya ne akwai su. Wanda ya ce gem na cinye lokacin sallah da na karatu, shi ma ya faɗi gaskiya, amma sai mu haɗa da PES da ake kwana ana bugawa a ɗakuna, da gidan kallon ƙwallo da ke cika ana kiran magariba. A yi wa kowa awo da mudu ɗaya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kare addini da ƙarya. Ranar da abokin ajinmu wanda ba Musulmi ba ya bincika ya ga ashe gem ɗin 1998 ne na Japan, gobe in mun kawo ƙorafi na gaskiya, da wane ido zai kalle mu?

Mu nan 'yan kaɗan ne, nesa da gida. In an tare ɗayanmu a hanya, junanmu muke kira. Mutuncin ɗan'uwa a irin wannan wurin ba abin wasa ba ne.

Don haka ɗan'uwa, buƙatata ɗaya ce. Inda ka tura saƙon, ka koma can ka ce ka bincika, ga wanda ya tabbata ga wanda bai tabbata ba. Ba sai ka ba ni haƙuri ba, na yafe. In kuma kana so ka gani da idonka, ɗakin a buɗe yake, ka zo bayan isha in an kawo wuta. Wanda kuma yake da hujjar da ta saɓa wa abin da na faɗa, ya ajiye ta a ƙasa, in na yi kuskure zan gyara a nan inda na rubuta.

Allah ya ba mu sa'ar jarabawa, ya mayar da mu gida lafiya.